Darasi na 17: Tausar Tafin Ƙafa

Ran nan da la'asar 'yan aji suka taru a gindin tsamiya, kowa da littafinsa da fensirinsa. Sai wani dattijo ya iso a makare, yana jan ƙafa. Malam ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Me ya sami ƙafar?"

Dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, gajiya ce. Jiya na ci kasuwa, na je a ƙasa na komo a ƙasa. A can na tarar da wani mutum ya baje takarda mai zanen tafin ƙafa. Ya ce in na biya shi zai danna mini wuri kaza a ƙafa, ciwon sukarina ya tafi, in huta da shan maganin asibiti. Ni kuwa ban iya karanta abin da ke jikin takardar ba. Shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna."

Malam ya ce, "Madalla, Baba. Matambayi ba ya ɓata. To, jama'a, yau darasinmu ke nan. Ku buɗe kunnuwanku."

Ga abin da Malam ya karantar da su.

1. Ƙafar mutum

Ƙafa ita ce jakin jiki. Ita ke ɗauke da mu zuwa gona, da rafi, da kasuwa. A kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26. Ƙafa biyu 52 ke nan. Jikin babban mutum kuwa ƙasusuwa 206 gare shi. Watau kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwanmu a ƙafa su ke. Ban da ƙashi akwai tsoka, da jijiyoyin jini, da jijiyoyi masu kai labari ga ƙwaƙwalwa. Su ne ke sa in ka taka ƙaya ka ɗaga ƙafa tun ba ka gan ta ba.

Tausa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗa ya kan tausa ƙafar ubansa in ya komo daga tafiya. A kan tausa jariri bayan wanka. Amma irin tausar da mai takardar nan ke magana a kai wata ce dabam. Turawa suna kiranta rifilekisoloji.

2. Inda ta samo asali

A ƙasar Masar, a wani wuri mai suna Sakkara, kusa da Alƙahira, akwai wani kabari da ya haura shekara 4,000. A jikin bangonsa an zana mutane suna riƙe da hannuwa da ƙafafun waɗansu. Waɗansu masana sun ce tausa a ke yi, waɗansu sun ce gyaran farce ne.

Rifilekisoloji ta yanzu dai a Amurka aka haife ta. A 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, Dakta William Fitzgerald, ya fito da wani ra'ayi. Ya ce jikin mutum ya kasu layi 10, daga ka har zuwa yatsu, 5 a dama, 5 a hagu. Ya ce in an matsa wuri ɗaya a kan layi, zafi zai ragu a wani wuri na wannan layin. Har ya kan ɗaura wa mutane roba a yatsu, ko ya sa su damƙe matajin kai. A 1917 shi da abokin aikinsa suka buga littafi a kan wannan.

Daga baya wata mata mai aikin motsa gaɓoɓin marasa lafiya, Eunice Ingham, ta ɗauki ra'ayin ta mai da shi kan ƙafa. Ta zana taswirar jiki duka a tafin ƙafa, ta buga littafinta a 1938. Ta yi ta yawo gari gari tana koyarwa, ta rasu a 1974. Daga wurinta irin takardar da Baba ya gani ta samo asali.

3. Abin da masu yinta ke cewa

Su masu wannan sana'a cewa su ke yi yatsun ƙafa su ne kai. Tudun da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji da huhu. Tsakiyar tafi, inda ba ya taɓa ƙasa, nan ne hanta da ƙoda da tumbi. Diddige shi ne ƙugu. Gefen ƙafa na ciki kuwa shi ne ƙashin baya. Sun ce in an danna wurin hanta, hanta za ta ji daɗi.

4. Abin da likitoci suka gano

Gani ya kori ji. Likitoci ba su tsaya ga ji ba, sai da suka gwada. Ga yadda a ke gwaji. A kan raba marasa lafiya kashi biyu. Kashi ɗaya a danna musu wuraren da taswira ta ce. Ɗaya kashin a yi musu tausar da ba ta bin taswira, ba tare da sun sani ba. Sa'an nan a auna a ga wa ya fi samun sauƙi.

A 2001 an buga sakamakon irin wannan gwaji daga ƙasar Denmak. Masu ciwon asma 40 aka yi wa, har mako 10. Da aka auna ƙarfin huhunsu, ba a ga waɗanda aka bi wa taswira sun fi sauran ba. A 2009 wani malamin likitanci a Ingila, Farfesa Edzard Ernst, ya tattara gwaje-gwaje 18 ya duba. Bai sami ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa wannan tausa tana warkar da wata cuta. A 2015 gwamnatin Ostireliya ta fitar da nata binciken, ita ma ba ta sami tabbatacciyar shaida ba. Bayan haka, masu ilmin sassan jiki ba su ga wata jijiya da ta tashi daga tafin ƙafa ta zarce hanta ko ƙoda ba. Su kansu taswirorin ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba.

Saboda haka ku riƙe wannan. Tausar ƙafa ba ta warkar da ciwon sukari, ko hawan jini, ko tarin fuka, ko zazzaɓin cizon sauro. Kuma ba a gane cutar ciki ta wurin danna ƙafa.

5. Amfaninta na gaskiya

Sai wani saurayi ya ce, "Malam, ashe ke nan aikin banza ce?"

Malam ya ce, "A'a, ɗana. Fartanya ba ta sare itace, amma ba a ce da ita banza." Ya ci gaba da bayani.

Sa'ad da damuwa ta kama mutum, ko ta bashi, ko ta ƙarancin ruwan sama, ko ta rigimar gida, jikinsa ma ya kan ɗauka. Tsoka ta ɗaure, numfashi ya yi sama sama, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙi zuwa. In ya kwanta shiru, wani ya riƙe ƙafarsa yana tausa a hankali, mutane da yawa su kan ji tsoka ta saki, numfashi ya daidaita, hankali ya kwanta. Ga kuma daɗin sanin cewa wani ya kula da kai. Shi ya sa a Ingila waɗansu wuraren jinyar masu ciwon daji su ke yi wa marasa lafiya ita, tare da maganin likita, ba a madadinsa ba. Sauƙin na ɗan lokaci ne, amma ga wanda ya gaji ba ƙaramin abu ba ne. Ba ya kuma bukatar taswira ko kuɗi.

6. Yadda a ke yi a gida

Na farko, a wanke ƙafa da ruwan ɗumi da sabulu, a goge har tsakanin yatsu. A duba ko akwai ƙaya, ko yanka, ko faso.

Na biyu, mai tausa ya yanke farcensa, ya wanke hannu. Wanda za a yi wa ya kwanta a tabarma, a ɗora ƙafarsa bisa matashi.

Na uku, a shafa man kaɗanya ko man gyaɗa kaɗan, ban da tsakanin yatsu. A shafo daga yatsu zuwa idon sawu, sannu sannu.

Na huɗu, a sa babban yatsan hannu a bi tafin ƙafa, ana danna ana matsawa gaba, kamar tafiyar tsutsa. A murza diddige. A kama yatsu ɗaya ɗaya a ja a hankali.

Na biyar, kowace ƙafa a ba ta kamar minti 10. Shi kuwa mai kwance ya riƙa jan numfashi mai tsawo yana saki. In ya ce da zafi, a sassauta. In an gama a goge man, kada santsi ya ka da shi.

7. Waɗanda ba a yi wa

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a tausa ƙafa mai miki, ko gyambo, ko ƙuna, ko targaɗe, ko karaya. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, kada a taɓa ta. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa tana iya tura shi zuwa huhu. A kai mutum asibiti ran nan. Mai ciki ta tambayi ungozomar asibiti tukuna. In ƙafafunta sun kumbura, ga ciwon kai, asibiti za a nufa maza. Mai ciwon sukari ko kuturta, ƙafarsa ta kan daina ji, sai a ji masa rauni bai sani ba. Haka kuma damuwar da ta wuce mako 2, ba barci, ba cin abinci, ta fi ƙarfin tausa. A gaya wa ma'aikacin lafiya.

Da Malam ya kai nan sai ya dubi dattijo ya ce, "Baba, kai kam kada ka bari kowa ya danna maka ƙafa da ƙarfi. Kullum ka duba tafinka, ko ka sa jikanka ya duba maka. Kada ka yi tafiya ba takalmi. Maganinka kuwa kada ka fasa sha ko rana ɗaya, sai in likita ya ce."

Dattijo ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam. Kuɗina sun tsira. In kasuwa ta zagayo, da kaina zan karanta takardar nan."

Sababbin kalmomi
tausa, diddige, taswira, gwaji, shaida, jijiya

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafa ɗaya?
2. A wace ƙasa aka zana taswirar tafin ƙafa, wa kuma ya zana ta?
3. Yaya likitoci su ke gwada magani?
4. Faɗi mutum uku da ba a yi wa tausar ƙafa.
5. In kai ne aka tara a kasuwa, me za ka ce da mai takarda?

Lissafi
Daga 1913 zuwa 1938 shekara nawa ke nan?

Rubutu
Ku kwafi wannan sau uku a littafinku: Tausa tana hutar da jiki, amma ba ta maye gurbin magani.