ASHAR DA SHAIDAR ZUR: DARASI DAGA SHIRIN DEADWOOD



Wani ɗalibina ya tambaye ni game da Deadwood, shirin kaboyi da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2004 zuwa 2006. Tun farko in faɗa, ban ce kowa ya kalla ba, ashar da batsa sun yi yawa a ciki. Amma akwai abin lura.

Deadwood gari ne na gaske. Masu haƙar zinare ne suka kafa shi a 1876 a tsaunukan Black Hills, ƙasar da yarjejeniyar 1868 ta tabbatar wa ƙabilar Lakota. Wato a kan ƙwace aka gina garin, ba hukuma, ba doka.

A wannan shekarar Jack McCall ya harbe shahararren ɗan bindiga Wild Bill Hickok ta ƙeya, yana zaune yana karta, a gaban jama'a. Aka haɗa kotun gaggawa. McCall ya ce ai fansa ya ɗauka, wai Hickok ne ya kashe masa ɗan uwa. Aka sake shi. A cikin shirin, Al Swearengen mai gidan giya da karuwai shi ya so a yi hakan, don yana tsoron hukuncin kisa ya jawo idon gwamnati kan dukiyarsu. Shi kuwa Fasto Smith yana bakin kabari yana wa'azin cewa al'umma jiki ɗaya ce. An saurare shi, amma hukunci na hannun masu kuɗi.

To ka lura, ɗan uwa. Duk mai sukar shirin ashar yake fara ambata, kuma lallai ashar mummuna ce. Amma maganar da ta fi ɓarna ba zagi a cikinta. Cikin ladabi aka faɗe ta a gaban kotu, kuma ta zubar da jinin mutum a banza.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Mu fa? Muna toshe kunne idan yaro ya ɗura ashar, amma dattijo ya yi ƙarya a rigimar gona ko rabon gado, sai mu ce rufin asiri ne.

A tarihi, an sake gurfanar da McCall a garin Yankton, aka rataye shi a 1877. Shi a duniya aka sake zaman. Kai da ka ba da shaida don kunya ko don abin hannu, naka zaman na biyu yana nan tafe.

Allah Ya tsare harsunanmu.