Tsohon Direba da Sauya Maigida

Direban tirela ɗan Hammadu Kafi da ya haura hamsin, in zai sauya maigida, tsawon hanya ya kamata ya fara dubawa kafin albashi. Jigilar siminti daga Ashaka, ko buhunan masara daga Tudun Hatsi zuwa Bauchi da Yola, takan dawo da shi gida da wuri. Tafiyar Legas kuwa kwanaki take ci, ga ciwon baya, ga tuƙin dare da ke gajiyar da ido.

Ya tambaya tun farko: in taya ta fashe, wa zai biya? Akwai yaron mota?

Kamfani mai fansho ya fi masa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani zuba aƙalla kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 8.