Babba ba yaro ba ne: yadda ake koya wa manya

A Nijar an kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a shekarar 1963. A 1966 masana suka taru a Bamako, suka tsara haruffan rubuta Hausa da waɗansu harsunan Afirka. Tun lokacin malaman karatun manya suka lura da abu guda: ba a koya wa magidanci kamar ɗan lakkwal.

Yaro yana zuwa lakkwal don an aiko shi. Babba kuwa shi ya kawo kansa. Ya bar aiki ya zo. In ya yi mako biyu bai ga amfani ba, ba ya gardama da kowa. Gobe dai tabarmarsa ba kowa.

Manomin Damargu ba da kai wofi yake zuwa ba. Ya san tiya nawa ke cika buhu. Ya san damin hatsi nawa zai kai gidansa damina. Wani ya yi makarantar allo, yana rubuta ajami daga dama zuwa hagu. Cikin Abzinawa akwai masu rubuta Tifinag. Malamin kirki yana fara tambaya, ya ji abin da suka sani, sannan ya ɗora a kai.

Ga misali a kan kuɗi. A kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji da dala ake ciniki. Dala ɗaya tamma 5 ce. Amma a jikin kuɗi, da kan takarda, da cikin waya, tamma ake rubutawa. Kwabon da kowa ke kira dala ashirin, 100 aka rubuta a jikinsa. Takardar jikka ɗaya, watau dala metan, 1000 ke kanta.

To, mutum ya sayar da hatsi, an rubuta masa 750. Ya karanta daidai: ɗari bakwai da hamsin. In ya ɗauka dala ce, ya yi tsammanin kuɗi mai yawa. Alhali dala 150 ce kawai. Nan rigima ke tashi, nan kuma macuci ke samun ƙofa.

Malamin da ya gane aikinsa ba ya fara da allo. Yana zuba kuɗi na gaske bisa tabarma: 25, 50, 100, 500. Kowa ya faɗi sunansu da dala. Sannan a duba lambar da ke jiki. Ba a daɗewa wani zai ce: "Ashe sau biyar ne!" Su suka gano, ba za su manta ba. Ran kasuwa su gwada.

Sai maganar lokaci. Ana buɗe aji bayan kaka, a rufe kafin shuka. Amma a Damargu samari da yawa suna tafiya cin rani, makiyaya kuma suna bin ruwa da ciyawa. Rijiyoyin ƙasar suna da zurfi, ɗiban ruwa yana cin safiyar mata. Don haka ba a birni ake yanke sa'ar karatu ba. Mutanen gari ke zaɓa, a Gangara ko a Balbeji, kowa da tasa. Ran kasuwa ba aji.

Akwai kuma kunya. Dattijo ba ya son ya yi kuskure gaban ɗansa ko surukinsa. Ba a tsayar da shi gaban jama'a, ba a barin yara su leƙo ta taga suna dariya. In ya kasa ganin baƙi, wataƙila ido ne, ba ƙwaƙwalwa ba. A rubuta manyan haruffa, a matso da shi gaba, a yi karatu da la'asar tun da sauran haske.