Darasi: Yadda Ake Gane Ƙananan Jiragen Yaƙin Sojan Ruwa na Zubin Ƙarfe Kafin a Saya

A shafukan saye da sayarwa na intanet ana yawan cin karo da ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfe waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, amma kuɗin wani ya ninka na wani sau da yawa. A hoton waya duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ake sayar wa mutum abin wasan yara a farashin kayan ajiya. Wannan darasi zai bayyana abubuwan da mai saye zai duba: irin ƙarfen, ma'aunin, alamomin jirgin sojan ruwa, tarihin jirgin, da yadda za a adana shi a yanayi irin na karkarar arewacin Kano.

Yadda ake ƙera su

Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunyar alminiyam ya ga rabin aikin. Su suna narka ƙarfe su zuba a ramin yashi mai siffar tukunya, kuma kowace tukunya sai an sake gyara yashin. A masana'antar ƙananan jirage kuwa, mazubin na baƙin ƙarfe ne mai ɓari biyu, inji ne ke tura narkakken ƙarfe ciki da ƙarfin matsi har ya shiga kowane lungu. Shi ya sa layukan jikin jirgi suke fitowa siriri, kuma mazubi ɗaya yana fitar da dubbai iri ɗaya.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi ana kiransa zamak. Yawancinsa zinki ne, da alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, sai ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Yana narkewa a kusan digiri 385, alhali alminiyam sai ya kai digiri 660. Zamak yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Farfela, gilashin matuƙi da makamai galibi na roba ne ko a samfuri mai tsada, don haka ganin roba a waɗannan wurare ba alamar jabu ba ce. Sana'ar ta daɗe: Dinky Toys na Ingila ya fara tun 1934. A yau sunayen da aka sani a fannin jiragen yaƙi sun haɗa da Corgi mai jerin Aviation Archive, da Hobby Master.

Karanta ma'auni

Lambar da ke jikin kwali, kamar 1:72, tana nufin santimita 1 a jikin samfurin daidai take da santimita 72 a jikin jirgin gaske. Lissafin mai sauƙi ne: a mai da mita zuwa santimita, a raba da lambar.

Jirgin F4U Corsair na sojan ruwan Amurka yana da faɗin fikafikai mita 12.5. A ma'aunin 1:72 zai zama kusan santimita 17, a 1:48 kuma santimita 26. Fairey Swordfish na Birtaniya mai faɗin mita 13.9 zai ba da kusan santimita 19 a 1:72. F-14 Tomcat mai tsawon mita 19.1 zai kai santimita 26 da rabi.

Wannan lissafi shi ne makamin mai saye. Idan an rubuta 1:72 a tallan Corsair amma faɗinsa santimita 10 ne, to akwai ƙarya a ciki. Abin wasan yara yawanci ba ya da ma'auni ko kaɗan, girman kwali ake bi. Ga mai farawa, 1:72 ya fi dacewa, domin a nan aka fi samun jiragen yaƙi, kuma idan an jera su za a ga ainihin bambancin girmansu.

Alamomin jirgin sojan ruwa

Jirgin da ke tashi daga kan jirgin ruwa mai dakon jirage ba shi da dogon titin sauka. Wannan matsala ce ta haifar da siffarsa. A ƙarƙashin wutsiya akwai ƙugiya da ke kama igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa a kan dandamali, ta tsayar da jirgin cikin daƙiƙoƙi. Ƙafafun saukarsa sun fi kauri saboda dirar da yake yi da ƙarfi. Da yawa kuma fikafikansu na naɗewa, don a samu wurin ajiya a cikin jirgin ruwan. Samfuri mai kyau zai nuna ƙugiyar da layin naɗin fiffike.

Kowane jirgi kuma da tarihinsa. A daren 11 ga Nuwamba 1940, jiragen Swordfish 21 daga HMS Illustrious suka kai hari kan rundunar ruwan Italiya a Taranto. A watan Yunin 1942, jiragen SBD Dauntless na Amurka suka halaka jiragen dakon jirage huɗu na Japan a yaƙin Midway. Samfurin ajiya yakan kwaikwayi jirgi guda takamaimai, da lambarsa da rundunarsa da shekararsa a rubuce a kwali. Mai saye ya sa waɗannan a Google ya gani ko sun dace.

Ina alaƙar da Kano?

Kano tana nesa da teku da kusan kilomita 800, amma tana cikin wannan tarihi. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano daga Masar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Birtaniya ta riƙa kai jirage ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau. Daga can suke tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, da Khartum, har Alƙahira. Daga Satumban 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Jiragen dakon jirage na Birtaniya, HMS Argus da HMS Furious, na cikin waɗanda suka kai jiragen Hurricane Takoradi. A ranar 10 ga Mayu 1942 kuma, jiragen P-40 guda 68 suka tashi daga kan USS Ranger na Amurka suka sauka a Akara.

A lura: Hurricane da P-40 ba na sojan ruwa ba ne, dako kawai aka yi musu. Na ruwan shi ne Sea Hurricane, wanda aka ƙara wa yawancinsa ƙugiya. Najeriya ma tana da nata: a shekarun 1980 sojan ruwanta ya sayi helikwafta uku ƙirar Westland Lynx don aiki tare da jirgin yaƙi NNS Aradu.

Adanawa a gida

A Dambatta, Bichi ko Makoɗa, zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano ba zai narka zamak ba, amma rana tana kashe fenti, ta sa gilashin roba ya yi rawaya. A nisanta samfuri daga taga. Ƙurar hunturu tana da yashi, goge ta da tsumma yana karce fenti, don haka a yi amfani da buroshi mai laushi, a ajiye cikin kabad mai gilashi. Kada fetur, kananzir ko tina su taɓa shi. Kwalin ma kuɗi ne, domin masu tarawa sun fi daraja samfuri mai kwalinsa na asali. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina.

Akwai kuma ciwon zinki, wanda ya fi kama tsofaffin samfura na shekarun 1930 zuwa 1950. Idan dalma ta gurɓata ƙarfen tun wajen zubi, jikin yana kumbura ya tsattsage, danshi kuma na ƙara saurinsa. Ba ya gyaruwa. Duk tsohon samfurin da aka ga tsaga kamar ta busasshen tabki a jikinsa, a bar shi komai arha.

Kafin a tura kuɗi

A nemi hoton kwalin gaba da baya, da hoton samfurin kusa da rula. A tambayi kamfani, ma'auni da nauyi. A haɗa kuɗin aike da na kwastam kafin a yanke shawara, domin nauyin ƙarfe yana ƙara kuɗin dako. A kuma sani cewa ba a yi waɗannan don ƙananan yara ba, suna da ƙananan sassa da yaro zai iya haɗiyewa.

Wanda aljihunsa bai kai ba ma yana da abin ɗauka. Yaron da ke ƙera jirgi da karan dawa da gwangwani zai iya raba 1,250 da 72, ya yanke fiffiken Corsair a santimita 17, ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiya. Lissafin da masana'anta ke bi ke nan.