Idan Ɗan'uwanka Ya Ce Ya Gaji Da Duniya

Ranar 10 ga watan Satumba ta kowace shekara, ma'aikatan lafiya kan fito su yi gangami a kan masifar nan ta mutum ya halaka kansa da hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya a shekara guda, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari suke tafiya. Mu kam ba sai an faɗa mana ba. Amaryar da aka yi wa auren dole, da ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, da magidancin da bashi ya yi wa katutu, duk muna jin labarinsu a rediyo.

Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta haramta wannan aiki, babu ja. Amma addinin da ya haramta shi, shi ne ya ɗora mana nauyin ceton rai. Wanda ya ji ɗansa yana cewa "gara in mutu in huta", ya amsa masa da "kai dai ba ka da tawakkali", ya juya ya ci gaba da cin tuwonsa, to ya sani bai sauke nauyin da ke kansa ba. Ciwon damuwa ciwo ne, yana kama mai salla da wanda ba ya yi.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Mutum zai daina shiga jama'a, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa cewa ya zame wa kowa kaya. Wani ya bi dangi yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba, ko ya rarraba kayansa. Wani kuma bayan dogon baƙin ciki sai a wayi gari ya yi wasai haka kawai, mutanen gida su yi ta hamdala, nan kuwa ya gama yanke shawara ne. In ka ga haka, ka ja shi gefe ka tambaye shi ƙarara: "Ƙanena, kana tunanin kashe kanka ne?" Likitoci sun tabbatar tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani. Ka saurare shi, ban da wa'azi da faɗa, ban da gori. Kada kuma ka yi masa alkawarin rufa wannan asiri.

Sai babbar magana, wato gubar da muke ajiyewa a gidajenmu. Duk uwargida ta san halin tukunyar wake. Tana tafasa sai kumfa ta taso kamar za ta kashe wutar, ta ɓata murhu, a yi asarar abincin yini. Mai hankali ba ta tsayawa yi wa tukunya faɗa, ba ta tafiya neman wanda ya iza wutar. Itace take janyewa, ta buɗe murfi, ta zauna a wurin, kafin ka ce kwabo kumfa ta kwanta, wake kuma ya nuna lafiya. Haka tunanin halaka kai yake. Tsananinsa sau da yawa na ɗan lokaci ne, mintuna ko sa'o'i, kuma akasarin waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Abin da ke hannu a daidai lokacin shi ke raba mai rai da gawa. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafiya haɗari, sai yawan masu halaka kansu ya ragu da fiye da rabi daga shekarar 1995. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a 2019.

To, me ya sa har yau ake ajiye fiya-fiya a ƙarƙashin gado, maganin feshin gona a jarkar lemo, maganin ɓera a kan taga? Wannan sakaci ne, kuma maigida za a tambaya. A kwashe su duka, har da ƙwayoyin asibiti da makami, a kai wa maƙwabci ajiya ko a kulle, mabuɗi a aljihun babba. Kada a bar mutumin shi kaɗai, ko da dare ne a yi karɓa-karɓa.

In kuwa mutum ya riga ya sha gubar, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don abin zai iya zarcewa huhu. A tuɓe tufafin da maganin ya jiƙa, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai ba shi. Inda lambar gaggawa ta 112 ke aiki, a kira. Jin kunyar surutun unguwa ya sa iyalai da yawa sun yi jinkirin da ya zama ajali.

Wanda bai kai ga haka ba, a kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. A yi addu'a, a sha magani. Bayan an sallamo shi a ƙara sa ido, domin makonnin farko su ne mafiya haɗari, kuma a tabbata ya koma ranar da likita ya rubuta masa.