Tafiyar Babur a Kan Tudu Lokacin Laka: Kowa Ya Lura da Na Bayansa

A yawancin ƙauyukanmu na kan tudu, idan damina ta yi nisa mota ba ta shiga. Babur ne kaɗai ke shiga. Shi ke kai mai bishara wurin aikinsa, shi ke kawo ma'aikaciyar lafiya da akwatin allurar rigakafi, kuma a kansa ake ɗaukar mace idan haihuwa ta zo da gardama. Duk da haka da wuya ka ga ikkilisiya ta zauna ta koya wa matasanta tuƙi cikin laka. Ana ɗauka wanda ya iya tuƙi a kwalta ya iya a ko'ina. Ba haka ba ne. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan yake, kuma za mu ɗauko shi daga wurin da ba ku zata ba.

A Ingila, da arewa maso yammacin Amurka, hunturu ba lokacin ƙura ba ne kamar namu. Lokacin ruwa ne da sanyi da hazo, hanyoyin daji duk su zama caɓi. A daidai wannan lokaci ne wasu mutane ke taruwa ranar hutu, su biyar ko su takwas, su hau babura su shiga tuddai, ba don wani aike ba sai don sha'awa. A Ingila suna da ƙungiya, Trail Riders Fellowship, tun 1970. Mu da muke shiga laka dole, abin zai iya ba mu dariya. Amma da yake sun daɗe suna yi, kuma kowannensu yana so ya koma wurin iyalinsa da yamma, sun fitar da dokoki da suke bi sau da ƙafa. Dokokin nan sun fi amfani a gare mu fiye da su.

Babur ɗin da suke hawa an ƙera shi domin kwalta da daji duka. Kamfanin Yamaha ne ya sa irinsa ya yaɗu, da ya fitar da DT-1 a 1968. Yana da tsayi daga ƙasa, tayarsa mai manyan haƙora ce, ta gaba ta fi ta baya faɗin da'ira (yawanci inci 21 da inci 18), kuma madigadin gaba yana can sama nesa da taya. Ƙanensa su ne DT 125 da AG 100 da ake ba ma'aikatan gona da na lafiya a nan. Amma yawancinmu Boxer ko Jincheng muke hawa, waɗanda aka yi domin hanya mai kyau. Wannan ya sa dole mu fi su hankali.

Doka ta farko: ba a tafiya kai kaɗai

Masu wannan tafiya sun ce mafi ƙarancin adadi shi ne mutum uku. Dalilin a fili yake. Idan ɗaya ya faɗi ya karye, na biyu ya zauna da shi, na uku ya tafi neman taimako. Idan ku biyu ne, dole a zaɓa tsakanin barin mai rauni shi kaɗai cikin ruwan sama da zama da shi ba mai kawo ɗauki. Idan kai kaɗai ne, sai dai jira, kuma a bayan tudu waya ba ta cika samun sabis ba.

Sai tsarin jerin. Wanda ya san hanya shi ke gaba, ba a wuce shi. A ƙarshen layi kuwa ba a sa sabon koyo. Ana sa wanda ya fi kowa gwaninta, a ba shi kayan gyara, shi ma ba ya wuce kowa. Sabon koyo da mai goyon fasinja ana sa su kusa da na gaba, domin saurinsu ne zai zama saurin tafiyar duka. A wurinmu yawanci akasin haka ake yi. Gwanaye su yi gaba suna tsere, wanda bai ƙware ba ya rage a baya. Shi kuma don kada a ce ya gaza, sai ya ƙara wuta fiye da iyawarsa. A nan ne faɗuwa take. Da ma an ce sauri ya haifi nawa.

Dokar da muke so ku riƙe fiye da kowace ita ce wannan: aikin kowane matuƙi shi ne lura da wanda ke bayansa. Ba na gabansa ba. Na gabanka yana gabanka, kana ganinsa, ba ya bukatarka. Na bayanka ne zai iya faɗuwa cikin kwazazzabo ba wanda ya gani. Saboda haka a kai a kai ka duba madubi ko ka waiwaya. Idan ba ka gan shi ba, rage gudu. Idan har yanzu bai bayyana ba, tsaya. Da ka tsaya, na gabanka zai ga ba ka, shi ma ya tsaya, haka har saƙon ya kai wurin jagora ba tare da an busa ko an kira kowa ba. A mararraba kuma ba ka juyawa sai ka tabbata na bayanka ya ga inda ka bi. Idan kowa ya yi haka, mutum goma za su iya tafiya cikin hazo ba wanda ya ɓata. Mutum ɗaya tak ya ƙi yi, jerin ya tsinke.

Ku yi tunanin ranar da zumuntar matasa ke tafiya taron gunduma a kan babura bakwai ko takwas. Wa ke ƙirga mutane kafin a tashi? Wa ke sake ƙirgawa a kowane zango? Kafin a bar gida kuma, a gaya wa wani dattijo hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isowa, a kuma yanke lokacin juyawa: idan ƙarfe kaza ya yi ba mu haye rafi ba, mun koma ko mun kwana a ƙauye mafi kusa. A yanke wannan tun da safe, lokacin da hankali ke kwance, domin da yamma gajiya da kunya ne ke yanke shawara.

Laka, hawa da gangara

Kafin a shiga laka, a rage iskar taya. Tayar da mai faci ya cika zuwa geji 30 tana tsalle tana zamewa. Idan aka rage zuwa wajen 18 ko 20 takan shimfiɗu ta kama ƙasa. Kada a wuce haka, musamman da kaya ko goyo, domin dutse zai matse tiyub ya huda shi. A riƙe famfo don a mayar da iskar idan an hau kwalta.

A cikin laka giya ta biyu ta fi, da wuta daidai wa daida, ba a fizga ba a saki. Ido ya kalli inda ake so a je, ba ramin da ake tsoro ba, gama babur yana bin ido. Idan taya ta faɗa cikin sawun da mota ta haƙa, a bi shi har ƙarshe. Ƙoƙarin fita daga ciki a karkace shi ke kayar da mutane. Ga masu Boxer akwai wata matsala: jar laka mai danƙo tana cushewa tsakanin tayar gaba da madigadi har tayar ta daina juyawa. Idan kun ji kan babur ya yi nauyi, ku tsaya ku zaƙule ta da kara.

A hawa, mutum ɗaya ne a kan tudu a lokaci guda. Sauran su jira a ƙasa har ya kai sama, domin idan na gaba ya maƙale, na biye da shi dole ya tsaya a tsakiyar santsi, daga nan kuma tashi ya yi wuya. Fasinja ya sauka ya taka. Wannan ba raini ba ne, ko fasto ne ko matar fasto. Waɗanda suka riga suka hau su ajiye baburansu su sauko su tsaya a wurin da ya fi muni, a shirye su tura.

Masu zuwa Mambila sun san abin da hawan da ke bayan Mayo Selbe yake yi wa inji. Tudun yana da tsayin kusan mita 1,600, kuma iska tana raguwa yayin da ake hawa. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Wato babur ɗin da ya ɗauki mutum biyu da buhu a ƙasa, idan ya kai wajen Nguroje ko Gembu ya rasa kusan kashi 15. Ba lalacewa ya yi ba, kaya ne ya kamata a rage.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma a nan muna da wata mummunar al'ada: kashe inji ko sa babur a furi don tsimin mai. Man da aka tsimta bai kai cikin cokali kaɗan ba, abin da aka rasa kuwa shi ne injin da ke riƙe tayar baya. A sauka da giya ta ɗaya, inji yana aiki, jiki ya ja baya, a taɓa birkin baya a hankali. Birkin gaba da yatsa biyu kawai, kuma ba a kan kwana ba. Babur mai hayaƙi irin AG 100 da DT 125 injinsa bai cika riƙewa ba, don haka ya fi bukatar kula.

Ruwa da sanyi

Rafin da aka haye da safe ba shi ne na yamma ba. Ruwa yana iya sauka a kan tudu inda ba ku gani ba, ya iso muku bayan awa guda. Kafin babur ya shiga, mutum ya shiga da sanda ya auna. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma ya tafi da ƙaramar mota. Idan ruwan ja ne, yana ɗauke da itace da ciyawa, to ƙaruwa yake yi. A jira. Rafukan tudu suna saurin cika, suna kuma saurin janyewa.

Idan babur ya faɗi cikin ruwa, kada a buga shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, zai iya lanƙwasa ƙarfen cikin inji. A cire fulogi, a tsiyaye ruwan salansa da na wurin shaƙar iska, a buga sau da yawa ba fulogi har ruwan ya fita. Idan baƙin mai ya koma fari kamar madara, a canza shi kafin a yi nisa.

Sanyi kuwa mun cika raina shi. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Haɗa wannan da jiƙaƙƙiyar riga da iskar gudu. Wanda sanyi ya kama yakan fara da rawar jiki, hannu ya ƙi kama birki, daga baya magana ta fara sarƙewa, ya riƙa yin abu kamar mai maye. Shi kansa ba zai sani ba, zai ce lafiyarsa ƙalau. Abokan tafiya ne za su gane. A tsaya, a cire masa rigar da ta jiƙe, a rufe shi, a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi. Ban da barasa. Busasshiyar riga ɗaya a cikin leda ta isa ta hana wannan duka.

Hular kwano ba ma sai mun daɗe a kanta ba. Da aka fara tilasta ta a Najeriya a Janairun 2009, wasu 'yan acaba ƙwarya suka kifa a kai don su wuce jami'ai. Dutsen da ke gefen hanya ba jami'i ba ne. Idan wani ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi da gaggawa, kada kuma a fizge hular, sai dai idan ta hana shi numfashi.

Abin da ya rage ga kwamiti

Babur ɗin ikkilisiya da baiko aka saya, amma sau da yawa ba a ware ko kobo domin kula da shi. Ƙungiyar Riders for Health ta fara aiki a 1991 a Lesoto, ƙasar da duk faɗinta tudu ne, har dusar ƙanƙara tana sauka a kan duwatsunta a hunturu. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa babura 47 na ma'aikatan lafiya sun yi aiki daga 1991 zuwa 1996 ba wanda ya mutu a hanya. Ba wani asiri ba ne. Kowace safiya matuƙi yana duba abu biyar: fetur, baƙin mai da man sarƙa, ɗaurin sarƙa da wayoyi, notuna, sai birki da taya. Ana kuma canza kayan da suka tsufa a kan lokaci, ba a jira su karye. Bayan tafiyar laka a wanke babur a ranar, a sa wa sarƙa mai, domin laka da yashi suna cin sarƙa da birki kamar zarto.

Abu ɗaya kuma da ya shafi zaman lafiya da maƙwabta. Idan muka tarar da caɓi, mukan kauce ta cikin gonar mutum. Na biyu ya bi sawunmu, na goma ma haka, kafin kaka hanya ta ci kunya biyar, ruwa kuma ya samu sabon wurin zaizaya. Masu tafiyar daji na Amurka suna koya wa juna a bi ta tsakiyar laka ko a koma. Mu muna da abin da ya fi: aikin gayya. Yini ɗaya kafin ruwa ya kankama, a zuba duwatsu a wurin, a yanka wa ruwa hanya ta gefe.

Don tattaunawa a ƙungiyoyinku

Waɗanne wurare uku ne suka fi muni a hanyar ƙauyenku, kuma wane wata ne ya kamata a gyara su? Idan mace ta kamu da naƙuda da dare a watan Agusta, babura nawa ne za su raka ta, kuma wa ya san sunayen masu su tun yanzu? Mai bisharar da kuke aikawa ƙauyukan bayan tudu, wa ke tafiya tare da shi?