Darasi cikin salula: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Kowace shekara da rani ake buɗe cibiyoyin yaƙi da jahilci. Ana karatu wata 4 ko 5. Da ruwa ya sauka, kowa sai ya nufi gona. Allo da kaye su kwana cikin ɗaki har kaka. Kafin a sake buɗe cibiya, baƙaƙen da aka sha wuya wajen koyo sun fara gudu. Wannan babbar hasara ce. Mutum ya ba da lokacinsa, ya bar kasuwa, ya zauna gaban malami, daga baya ya kasa karanta wasiƙar ɗansa.

Yau akwai abin da zai taimaka. Salula ta shiga ƙauyuka da yawa, kuma akwai darussa cikinta. Amma salula kamar rijiya take. Ruwa na ciki, sai dai mai guga da igiya ke shan sa. Gugan shi ne karatun da aka koya a cibiya.

1. Ba yau aka fara ba

Koyo ta hanyar na'ura ba baƙo ba ne a Nijar. A 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo. Mutane su taru, su saurari shiri, su tattauna a kansa. A 1964 aka fara talabijin na lakol a Yamai. Yara na kallon darasi cikin akwati, malami na tsaye kusa da su yana sa su maimaitawa.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka 113 na jihar Dosso da ta Damagaram. Sunan shirin ABC. Ƙungiyar CRS ce ta gudanar da shi, wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi sakamakon. Duk ƙauyukan sun yi karatun manya iri ɗaya. A wajen rabinsu an ƙara abu guda: an koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar salula, mutum 5 na tarayya a kan salula ɗaya. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Wata 7 bayan rufe aji aka sake gwada su, suna nan gaba, musamman a lissafi. Salular ba ita ta koya musu baƙaƙe ba. Malami ne ya koya musu. Ita ta ƙara musu himma, ta ba su wurin aiki da abin da suka koya.

2. Mene ne intanet?

Intanet hanya ce da ta haɗa na'urorin duniya. Abin da wani ya ajiye cikinta a Yamai ko a Kano, mai salula a Tasawa zai iya ganin sa. Akwai rubutu, akwai murya, akwai hoto mai motsi da ake kira bidiyo. Shiga intanet na bukatar abu 3: babbar salula wadda ake shafawa da yatsa, rezo, da mega. Mega kuɗi ake sayen ta, kuma bidiyo ya fi rubutu cin ta nesa ba kusa ba.

3. Ina darussan suke?

African Storybook rumbu ne na littattafan yara masu hotuna. Wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ce ta buɗe shi a 2014. Akwai labarai da Hausa a ciki, kyauta. Jimlolinsu gajeru ne. Sun dace da sabon mai karatu, babba ko yaro. Ana iya sauke su cikin salula, ana iya buga su a takarda.

Wikipedia babban kundin sani ne, kuma akwai shi da Hausa. Ana samun bayani a kan garuruwa, tarihi, tsirrai da dabbobi. Kowa na iya rubutu a cikinsa, don haka akan samu kuskure wani lokaci.

Khan Academy na ƴan lakol ne. Wani mutumin Amurka, Salman Khan, ya fara da koya wa ƴar uwarsa lissafi daga nesa a 2004. A 2006 ya fara saka darussan a YouTube. Tun 2013 ana juya su da faransanci. Akwai lissafi tun daga ƙirga har na manyan azuzuwa. Yaro na iya tsayar da bidiyo, ya koma baya, ya sake kallo har ya gane.

Malaman lakol kuma suna da littattafan shirin IFADEM, na ƙaro ilimin malamai daga nesa. Nijar na cikin ƙasashen da suka yi shi. Littattafan da faransanci suke, kuma ana sauke su kyauta.

4. Yadda ake aiki da su a ƙauye

Na farko, a haɗa kai. Ba kowa ke da babbar salula ba. Mutum 5 ko 6 su yi ƙungiya, su yi karo-karo su sayi mega. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a sauke darasi a ajiye. Ran kasuwa, wanda ya je gari inda rezo ke da ƙarfi ya sauke littafi 2 ko 3. Abin da aka ajiye cikin salula ana buɗe shi ko ba rezo, ba ya kuma sake cin mega. Ana tura shi daga salula zuwa salula ta Bluetooth, ba a biyan ko dala.

Na uku, malamin cibiya ya fara dubawa. Shi ya san inda ɗalibansa suka kai. Shi zai zaɓi abin da ya yi daidai da su.

Na huɗu, a sa rana. Ko da damina, ana samun awa ɗaya ran juma'a da marece. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su bi. Salula ta zagaya hannu hannu.

Na biyar, a rubuta. Kallo kaɗai ba karatu ba ne. Kowa ya kwafi jimla 3 cikin kayensa, ko ya yi lissafin a kan allo da hannunsa.

Mai ƙaramar salula shi ma ba a bar shi baya ba. Ya rubuta saƙo ɗaya kowace rana. Ya gaida ɗan uwa, ya tambayi farashin hatsi, ya rubuta sunayen mutanensa da lambobinsu da kansa.

5. Abin lura a rubutu

Hausar da ke intanet mafi yawanta daga Najeriya take. Inda Nijar ke rubuta ƴaƴa, su suna rubuta 'ya'ya. Kalma ɗaya ce. Mutane da yawa kuma ba sa saka ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. Sai mai karatu ya duba jimla ya gane ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko baki ko baƙi. Babbar salula na karɓar baƙaƙen Hausa in an saka mata su. Wanda ya iya sai ya gyara wa wanda bai iya ba.

6. Hattara

Ba duk abin da ke cikin salula ne gaskiya ba. Darussan da aka ambata kyauta ne. Duk wanda ya ce a aiko masa kuɗi ko lambar sirri kafin ya buɗe su, macuci ne. Maganar magani a kai ta gidan likita. Maganar iri da taki a kai ta wurin malamin gona. In yaro ya ce karatu yake da salula, uwaye su ce ya nuna abin da ya rubuta.

Cibiya ita ce tushe. Wanda bai san baƙaƙe ba, sai an buɗe masa salula, sai an karanta masa sirrinsa. Wanda ya sani, shi ke jan ruwansa da kansa.

Tambayoyi

1. Me ke sa ɗalibi mantuwa bayan an rufe cibiya?
2. Abu nawa ake bukata don shiga intanet?
3. Mene ne amfanin sauke darasi a ajiye?

Lissafi

Mutum 5 sun yi karo-karo. Kowa ya ba da dala 20 a mako. Dala nawa suka tara cikin mako 4?